Takin da ya iso bayan huɗa: nazarin tallafin gwamnati ga wani ƙaramin kamfanin fasaha a Gombe

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Tudun Hatsi a Gombe da kaka ya san littafin nan mai baƙin bango da malamin sito ke riƙewa. A ciki ake rubuta kayan ajiya: wane buhu 20 na wake, wance buhu 7 na masara, ranar kaza. Ma'aikacin gwamnati kan tara albashinsa ya sayi hatsi da araha ya jira tsadar bazara. Matar aure kan sayar da tunkiyarta ta aiko ƙaninta ya saya mata. Manomi daga Dukku ko Kumo kan bar kayansa ya koma gida sai farashi ya gyaru. Amanar dukansu tana kwance cikin littafin da ruwa ke iya jiƙawa, ɓera ke iya ci, shafi ke iya yagewa. Idan watanni biyar suka wuce, mai kaya ya ce ashirin ya kawo, littafi ya ce sha takwas, to ranar ba a cin kasuwa cikin daɗi.

Ni akanta ne, aikina rajistar ƙananan kamfanoni da shirya musu takardun haraji. Wani Alhaji dillalin wake a kasuwar abokina ne tun muna makarantar allo, kuma ɗansa ne ya kafa kamfanin da zan yi magana a kai, shi da wata abokiyar karatunsa. Ba zan kama sunansu ba, haka ma hukumar da ta ba su tallafi. Tun daga cika fom har zuwa rahoton ƙarshe takardunsu ta hannuna suka bi, don haka kuskuren da aka yi har da nawa a ciki.

Abin da suka ƙirƙira a 2022 ba shi da wani ƙyale-ƙyale. Idan aka sauke kaya a sito, sai a shigar da sunan mai kaya da lambar wayarsa da adadin buhu, nan take tes ya shiga wayarsa da Hausa: an karɓi buhu kaza, iri kaza, a sito kaza, ga lambar shaida. Ranar da aka fitar da ko buhu ɗaya ne, wani tes ɗin zai sake shiga. Mai kaya ba ya bukatar babbar waya ko data. Dillali ne ke biyan ɗan kuɗi a kan kowane buhu, yana cirewa daga la'adarsa. Sito uku suka fara da shi, na farko na Alhaji ne, wanda ya yarda don kawai kada a ce ya kashe wa yaro gwiwa.

Ƙarancin takardun naira na farkon 2023, bayan Babban Banki ya sauya fasalin 200 da 500 da 1,000, shi ya buɗa musu ƙofa. 'Yan kasuwar da a da ba sa yarda da komai sai tsabar kuɗi dole ta sa suka koma taransifa, aka shiga ruɗanin wane alat ne na wane kaya. Yaran suka ƙara wani gurbi na rubuta biya a gefen kowane kaya. Kafin azumin shekarar ya wuce, dillalai da kansu suke aiko yaransu neman ɗan Alhaji.

A wannan lokacin zancen tallafin fasaha ya cika bakin matasan Gombe, kuma akwai dalili. A ranar 19 ga Oktoba 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kamfanonin fasaha masu tasowa, ministan da ya tsaya mata kuma shi ne Farfesa Isa Ali Pantami, ɗan garin nan. Dokar ta tanadi asusun jarin farko wanda za a riƙa zuba wa aƙalla naira biliyan 10 duk shekara, hukumar zuba jari ta ƙasa NSIA ce za ta kula da shi, hukumar bunƙasa fasahar zamani ta NITDA kuma ita ce sakatariya. Kafin kamfani ya ci moriyarta sai ya samu takardar shaida ta musamman, sharuɗɗanta kuwa sun haɗa da ya zama cikakken kamfani mai rajista, bai wuce shekara 10 da kafuwa ba, kuma aƙalla kashi ɗaya cikin uku na hannun jarinsa na 'yan Najeriya ne da suka kafa shi. A watan Maris na 2023 kuma Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya ƙaddamar da iDICE, shirin tallafa wa kamfanonin fasaha da na ƙirƙira, na sama da dala miliyan 600, da gudummawar Bankin Raya Afirka da Bankin Musulunci da hukumar raya ƙasashe ta Faransa, Bankin Masana'antu ne mai aiwatarwa. Wanda ke jin waɗannan alkaluma a rediyo sai ya ɗauka kuɗi na nan a jibge, mai ɗauka kawai ake jira.

Ba daga ɗayan waɗannan biyun kuɗin yaran ya fito ba. Wata gasa ce da wata hukumar gwamnati ta shirya, wadda wanda ya yi nasara zai samu naira miliyan 5 a kashi biyu, miliyan 3 da farko, sauran bayan an duba rahoto. Ranar da ɗan Alhaji ya kawo wa mahaifinsa maganar ina zaune a bakin sito. Alhaji bai tambayi nawa ba ne. Cewa ya yi, "Bashi ne ko kyauta? In bashi ne, da ruwa ko babu?"

"Kyauta ce, Baba. Sai dai za su duba yadda aka kashe."

"To ba kyauta ba ce ke nan, amana ce. Ka je wurin Baffanka ya duba maka takardun."

Takardun suka cinye mana makonni. Rajistar da suke da ita ta sunan kasuwanci ce kawai, dole aka buɗe cikakken kamfani a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC da hannun jarin naira 100,000, wanda shi ne mafi ƙanƙantar abin da dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda da shi ga kamfani mai zaman kansa. Daga nan lambar haraji, sai asusun banki na kamfani, sai takardar shaidar biyan haraji. A lokacin, dokar kuɗi ta 2019 ta yafe harajin riba ga kamfanin da cinikinsa bai wuce naira miliyan 25 a shekara ba, amma yafiyar ba ta ɗauke wajibcin kai rahoto ba, abin da matasa da yawa ba su sani ba sai an tambaye su takarda. A nan ne aka zauna aka raba hannun jari tsakanin su biyun a rubuce. A ganina wannan zama shi ne amfani mafi girma da gasar ta yi musu, kuma tun kafin a ba su ko kwabo. Na ga abokai da yawa da kasuwanci ya raba saboda sun ji kunyar yin wannan magana tun ran gini.

An kira su horo na kwana uku kafin ranar gabatarwa. Wani mai horarwa, da kyakkyawar niyya, ya ba su shawarar su rubuta cewa manhajarsu za ta kawar da dillalai tsakanin manomi da mai saye, domin alƙalan gasa suna son jin haka. Ɗan Alhaji ya kira ni da dare yana dariyar takaici: "Baffa, wai in tsaya gaban mutane in ce zan kawar da Baba." Dillali shi ne mai biyansu, shi ne mai sito, shi ne wanda manomi ke zuwa wurinsa rance in matarsa ta haihu da damina. Wannan shawarar ba su ɗauka ba. Ta biyun ce suka ɗauka, kuma ita ta cuce su: aka ce tes tsohon yayi ne, su yi alkawarin manhajar Android da mutane za su sauke a wayoyinsu, su kuma faɗi adadin waɗanda za su sauke cikin wata shida. Suka faɗi adadi mai daɗin ji, aka tafa musu, adadin ya shiga yarjejeniya.

A watan Yuli na 2023 muka rubuta kasafin kuɗin: kwamfuta biyu, wayoyi goma na malaman sito, hayar rumbun bayanai na intanet wanda da dala ake biya, kuɗin tura tes, da ladan wanda zai taimaka wajen gina manhajar. Ƙa'idar gasar ta hana biyan albashin masu kamfani da kuɗin zirga-zirga. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, an saki naira ta nemi darajarta a tsakiyar Yuni, dala ta tashi daga wajen 460 zuwa sama da 750. Na ga wannan da idona, amma na rubuta farashin ranar kamar an kafa shi da ƙusa, ban bar ko ɗan sarari ba. Na ɗauka guguwar ta riga ta wuce. Akanta mai shekaru irin nawa bai kamata ya yi wannan ganganci ba.

An sanar da sakamako a watan Satumba, aka ɗauki hoto da ƙaton allo mai siffar cek. Lissafin yaran shi ne kuɗi ya shigo a Oktoba, su raba wayoyi, su koya wa malaman sito kafin sabon wake ya fara sauka. Kasuwancin ajiya kalandarsa ɗaya ce: daga Nuwamba zuwa Janairu ake cika sito, duk wanda bai shiga lissafi a lokacin ba sai baɗi. Oktoba ta wuce, Nuwamba ta wuce. Duk kiran da suka yi amsa ɗaya ce, fayil yana kan tebur, ana jiran sa hannu, shekarar kasafi ta zo ƙarshe. Alat ya shigo a ƙarshen Fabrairun 2024. Alhaji ya ce wannan ai takin gwamnati ne, wanda kan iso bayan an gama huɗa.

A wannan watan dala ta haura naira 1,500. Miliyan 5 ɗin da a ranar rubuta kasafi ta kai kusan dala 6,500 ta koma wajen dala 3,300, kuma kusan duk abin da ke cikin kasafin kayan waje ne. Kuɗin wayoyi goma bai sayi fiye da biyar ba. Kwamfuta ɗaya aka saya sabuwa, ɗayar ta hannu, sai ga matsalar rasit, domin ƙa'ida ta ce sabo daga kamfani mai rajista. Suka rubuta takardar neman izinin sauya kasafi, amsa ta ɗauki makonni, kayan kuwa kullum ƙara tsada suke.

Hoton cek ɗin nan ya riga ya zaga dangi a WhatsApp tun Satumba. A wurin mutane da yawa kuɗin gwamnati rabo ne da Allah ya tsaga da kai, kuma mai rabo ba ya ci shi kaɗai. Wata goggo ta aiko da maganar kayan ɗakin 'yarta, wani ɗan'uwa yana son jarin POS. Alhaji ne ya tare wannan ƙofa. Duk wanda ya zo sai ya ce masa kuɗin ba na yaro ba ne, ajiya ce, kuma shi a sana'arsa ba a taɓa buhun ajiya ko da gida ba abinci. Abokiyar aikin ba ta samu irin wannan katanga ba, sai da ta kai wata guda ba ta ɗaga wayar wasu 'yan'uwanta.

A watan Afrilu ɓarayi suka lalata turakun babban layin wuta na Jos zuwa Gombe, yankin ya shiga duhu na makonni. Sola da batir ba sa cikin kasafi, don haka daga aljihunsu suka haɗa ƙarami. Cikin wannan hali suka gama manhajar Android, tun da alkawari ne. Ta yi kyau ƙwarai, da hoton buhu da launin kore. Masu ajiya ba su sauke ta ba. Mai ƙaramar waya ba shi da hanya, mai babbar waya kuma ya ce tes ya ishe shi, me zai sa ya cika wayarsa don abin da yake dubawa sau biyu a shekara?

Abin da ya fi ba ni sha'awa a lamarin duka a wani sito ya faru, ba a ofis ba. Akwai wani malamin sito, dattijo, wanda aka ba waya amma kullum da uzurinsa: ba caji, ba sabis, yatsansa ba ya kama gilashin. Abokiyar aikin ta je ta wuni a wurinsa kwana biyu, tana zaune a kan buhu tana kallo. Sai ta gane cewa idan mai kaya ya zo duba ajiyarsa, malamin ne ke buɗe littafi ya nuna masa, shi kuma ya ɗan miƙa masa na goro. Tes ya kashe wannan ziyara, ya kashe na goro, ya kuma rage masa girman da yake da shi na mai riƙe sirrin sito. Ta ce masa, "Baba, in aka sa sunanka a cikin saƙon, a ce kai ka karɓi kayan, kuma kana da kasonka a kowane buhu, yatsan zai kama?" Ya yi murmushi ya ce a gwada a gani. Daga ranar saƙon ya koma ɗauke da sunan malamin da ya karɓa, kuma kashi ɗaya cikin uku na kuɗin buhu nasa ne. Wannan gyara ya fi manhajar Android amfani nesa ba kusa ba, kuma babu gurbin da za a rubuta shi a fom ɗin rahoto.

Rahoton wata shida ya faɗo a watan Agusta, tsakiyar damina, lokacin da sito ke wofi, kaya fita suke ba shiga ba. Tambayar farko a fom: mutum nawa suka sauke manhaja? Adadin bai kai ko kusa da alkawari ba. Muka haɗa bayani mai tsawo, muka liƙa jerin tes da aka tura da takardun shaida daga dillalai, wasu da ajami. Jami'in da ke kula da fayil ɗinsu ya fahimta sarai, har ya ce a ransa ya gamsu, amma shi ma akwai mai binciken kuɗi a bayansa, kuma abin da aka sa wa hannu shi za a auna. Ba na ganin laifinsa. Ƙasar nan ta ga shirye-shiryen tallafi da aka karɓa aka yi aure da su ko aka sayi mota, kuma duk tsaurin rasit da ƙin sauya kasafi daga nan ya samo asali. Sai dai dabarar da aka yi don kama maci amana ita ce ta ɗaure hannun mai gaskiya. Kamfanin da ke matakin farko aikinsa ke nan ya gwada, ya ga bai yi ba, ya juya. Wanda aka ɗaure da alkawarin da ya yi wata goma sha uku baya, an hana shi ainihin abin da aka ba shi kuɗin ya yi.

Kashi na biyu ya fito a Disamba, bayan an aiko mutum ya zo ya gani da idonsa. Sa'ar da aka yi ita ce ya zo ana tsakiyar sauke wake, 'yan dako na ta kai da kawowa, wayoyin masu kaya na ƙara a aljihu. Minti talatin a kasuwa ya yi abin da shafi ashirin na rahotona ya kasa. Kakar 2024 ta yi musu kyau, domin hatsi ya yi tsadar da buhun wake ya haura naira 100,000, kuma idan kaya ya yi daraja haka mai shi ba ya wasa da shaida.

Daga nan kasuwa ta juya. Tun a Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150, kuma a 2025 farashin hatsi ya faɗi. Waɗanda suka saya da tsada suka ajiye sun sayar da asara, da yawa suka rantse sun bar ajiya. Kamfanin da ke cin abinci a kan kowane buhu dole ya ji a jikinsa. A daidai lokacin kuɗin kira da data da tes ya ƙaru, bayan hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025.

Tallafi ya ƙare, suka shiga neman jari na gaba, a nan suka tarar da rami. Bankin kasuwanci ba abin tunkara ba ne a lokacin da Babban Banki kansa ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5, balle ma Alhaji ya ce muddin yana raye ba za a shigo da riba cikin abin da aka fara a sitonsa ba. Bankin da ba ya ta'ammali da ruwa ya fi sakin jiki da saya maka kaya ya sayar maka, su kuwa ba kaya suke nema ba, albashin mutum biyu da za su zaga kasuwannin Kumo da Bajoga suke nema. Masu zuba jari a kamfanonin fasaha, waɗanda galibinsu a Legas suke, sun saurare su ta bidiyo cikin ladabi, suka tambayi yadda abin zai kai mutum miliyan cikin shekara biyu. Sito-sito ake shiga wannan kasuwa, da gaisuwa da zaman benci, ba ta da wannan saurin.

Wanda ya kawo tayin da ya zauna wani babban ɗan kasuwar hatsi ne da ke lodin tirela zuwa kudu, wanda ya ga amfanin abin a sitonsa. Ya ce zai sa kuɗi a ba shi kaso, riba tare, asara tare. Da Alhaji ya ji ya ce wannan ai musharaka ce, ba ta bukatar dogon turanci. Mun yi zama uku kafin a daidaita a kan kason, domin mutumin ya fara da neman rabi, kuma sai da na yi masa bayanin cewa in masu kamfani suka zama 'yan aiki a cikin abinsu, zafin nema zai mutu. Abin da ya sa ya yarda ya sa hannu, da bakinsa ya faɗa, shi ne ya ga takardun kamfanin a tsare, da rajista da rahoton kuɗi na shekara biyu, kuma ya ji gwamnati ta aiko an duba su ba a samu ɓatan kwabo ba.

Yanzu manhajar Android tana nan ba mai taɓa ta, sun daina biyan kuɗin gyaranta. Sun ƙara saƙon murya da Fulatanci saboda masu kawo kaya daga rugage. Fayil ɗinsu na neman takardar shaidar da dokar 2022 ta tanada yana kan teburina, saura takarda ɗaya daga ofishin haraji. A sabon kasafin da muka rubuta na ware kashi 20 cikin 100 na ko-ta-kwana, na kuma sa ranar fara aiki ta zama Satumba. Da na leƙa Tudun Hatsi makon jiya na tarar da dattijon malamin siton nan yana shigar da buhu 14 a waya, ya jira har wayar mai kayan ta yi ƙara, sannan ya jawo littafinsa mai baƙin bango ya sake rubutawa da biro.